Rahoton injiniya bai kamata ya kwana a durowa ba

Abin da ke ƙona mini rai game da yadda hukumomin birane ke riƙe da gadoji, madatsun ruwa da magudanai shi ne, yawanci idan masifa ta auku sai ka tarar an daɗe da sanin matsalar. Injiniya ya zo ya duba ya rubuta, takardar kuma ta shige durowa.

Ku dubi gadar Fern Hollow da ke birnin Pittsburgh a Amurka. A watan Janairun 2022 ta rufta da motar bas da wasu motoci a kanta, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Da aka yi bincike, sai aka gano ramukan da ruwan sama ke bi ya fita daga kan gadar sun toshe da ganye da datti. Ruwa ya riƙa zuba a kan ƙafafun ƙarfen, tsatsa ta ci su har ta huda su. Masu duba gadar sun yi ta maimaita cewa a share ramukan, a gyara ƙafafun, amma ba a yi ba. Aikin da shebur da 'yan ma'aikata za su iya farawa, shi ya kayar da gada.

A Derna ta Libiya ma, madatsun ruwa biyu da suka fashe a Satumbar 2023 an jima ana gargaɗi a kansu, ga shi dubban rayuka sun salwanta.

Na san dalili. Buɗe sabon aiki yana kawo tafi da hotuna, share magudana kuwa babu mai yaba maka. Shi ya sa kuɗin gyara ne ake fara zaftarewa idan kasafi ya matse.

Ni dai abin da nake nema daga kowace hukumar birni, ta san duk abin da ta mallaka, shekarunsa, da ranar da aka duba shi na ƙarshe. Duk lahanin da aka rubuta a sa sunan jami'in da zai gyara da wa'adin gamawa, a kuma wallafa rahoton kowa ya gani. Kuɗin gyara a ware shi daban, kada a karkatar da shi. Idan kuma injiniya ya ce bai amince da gada ba, a rufe ta a ranar, ko da masu motoci za su yi ta ƙorafin zagaye.