Silimar unguwarmu, da kunyar da ta cinye tarihinta

Shekaranjiya ɗan kabu-kabu ya bi da ni ta gaban tsohuwar silimar unguwarmu a Damagaram. Na ce ya ɗan tsaya. Ya waiwayo ya ce, "Baba, siminti za ka saya?" Shi iyakar saninsa wurin mangaza ce. Ban ga laifinsa ba, an rufe ta ba a haife shi ba.

Ƴar tagar da ake sayar da tike tana nan, an toshe ta da bulo. Nan muke cunkuso bayan isha'i, kowa ya dunƙule kuɗinsa a hannu har su yi gumi. Wanda bai da ko dala sai ya laɓe gefen ƙofa yana jiran wani babba ya ce wa mai gadi "ƙanena ne". Ciki ba rufi, taurari ne a sama, bencuna a baya na masu hali, mu kuwa gaba, ƙasa, wuya ya sage saboda ɗaga kai. Lokacin sanyi kowa da bargonsa. In fim ya tsinke, ko wuta ta ɗauke, ihun da za a yi wa mai injin sai ka ce shi ya kashe jarumin. Ba mu jin Indiyanci, ba mu jin Sinanci, Faransancin ma na lakwal ne, guntu-guntu, amma da safe za ka iske yaro yana ba da labarin fim tun daga farko har mutuwar shef bandi, wato shugaban ƴan fashi, da waƙa da komai, kuma babu mai ƙaryata shi.

Kullum aka tashi zancen nan sai a ce kaset ne ya kashe silima. E, da gaskiya a ciki. Bidiyo ya shigo gidaje, finafinan Kano suka biyo baya cikin shekarun 1990 da harshen da tsohuwa ma take ji, ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, wadda ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga waje, har da hayar fim da kayan gyaran inji. Mai silima ba zai iya ninka kuɗin tike ba, don mu ne masu shiga, kuma ya san aljihunmu.

Amma ni abin da ya fi ci mani rai daban ne. Mun so wurin nan, kuma mun ji kunyarsa. A Damagaram ta wancan lokaci, a ce "ɗan silima ne" ba yabo ba ne. Ni kaina na sha bulala a hannun kawuna saboda an gan ni a layin tike da allona a hammata (wannan kam na cancanta). Ƴan mata ba su zuwa, wadda ta je ta shiga bakin duniya. To abin da kake yi a ɓoye, yaushe za ka ɗauke shi hoto? Shi ya sa yau na tambayi abokaina biyar na fada, babu mai hoton ƙofar, babu mai tsohon tike, babu mai takardar tallan fim ko ɗaya. Har shekarar da aka rufe ta mun yi gardama, shayi ya huce ba mu daidaita ba. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926, garin da ke iya lissafa maka sarakunansa ɗaya bayan ɗaya, ya kasa riƙe labarin gini guda da ya tara ƴan Birni da ƴan Zango kan benci ɗaya.

Kuma Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar. Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Ƴar garin nan, Aïcha Macky, ta yi fim kan matasan unguwar Kara-Kara a 2021, ta sa masa sunan Zinder, wato Damagaram, ya zaga duniya. Ni a waya na kalle shi, ni kaɗai, a ɗaki.

Don Allah duk wanda mahaifinsa ya yi aiki a wurin, mai gadi ne ko mai inji ko mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa, ya zauna da shi ya naɗi muryarsa. Wanda yake sa mana fim ɗin an ce yana raye, idonsa ne ya tafi. Ranar Juma'a bayan masallaci zan je nemansa.