Ba aljanu ba ne, aiki ne

Tun da FIFA ta bai wa Saudiyya gasar kofin duniya ta 2034 a Disambar 2024, wasu 'yan uwanmu a Jidda da Makka suka tsiri cewa zamanin kafala, tsarin da ke ɗaure baƙon ma'aikaci ga kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyinsa, ya wuce, duk ma'aikacin da ya koka raki ne kawai.

Gyaran da ya fara aiki a Maris 2021, wanda ya sassauta sauya wurin aiki da fita ƙasar ba da izinin kafili ba, bai shafi masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. To, mutanenmu ina suke in ba nan ba? Dokar hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, tana kare lebura a wurin gini. Wa ke leƙa kicin inda shagala, wato 'yar aikin gida, take tsaye tun asuba har sai baƙin gidan sun watse da tsakar dare?

Jiki kuwa ba ya yafe irin wannan. Zafi da ƙarancin shan ruwa suna cin ƙoda a hankali. Sinadarin wanke bayi yana tsattsage hannu, ya kama ƙirji. Rashin barci da fargabar mari suna kawo hawan jini. Wadda aka ƙwace wa fasfo da waya, ana yi mata barazanar kai ƙarar hurub, wato a ce ta gudu daga wurin aiki, ba ta ganin asibiti sai ta faɗi.

Abin da ya fi ci min rai namu ne. Yarinya ta gudo, ba ta ci, ba ta magana, da an buga ƙofa ta zabura, sai manyan unguwa su ce aljanu ne, a kai ta ruƙiyya. Ba wanda zai tambayi abin da aka yi mata a gidan. Daga nan sai "ki yi haƙuri 'yata, ƙasa mai tsarki kike", a nema mata wani gidan, dillaliya ta karɓi la'adarta.

Masu cewa ai a gida ma babu aikin, su turo nasu 'ya'yan mana.

Ofisoshin jakadancinmu su buɗe mafaka da likita. Malamanmu kuma, da ke da bakin wa'azin haƙuri, su gwada shi a kan dillalai da ejan-ejan ɗin da ke zaune a sahun gaba.