A daina cewa yara ne matsalar Facebook ɗinmu

Jama'a dan Allah a daina ɗora wa yara laifin duk wata ɓarna da ake yi a Facebook da WhatsApp, wlh na gaji da jin wannan magana. Duk majalisar shayin da ka zauna a Garwa ko Marwa, nan arewacin Kamaru, abu ɗaya ake maimaitawa, wai yaran zamani ba tarbiyya, an ba su waya sun lalace, su ne masu zagi su ne masu yaɗa ƙarya. Toh akwai yara marasa kunya ban musa ba, amma kowa ya buɗe guruf ɗin danginsu ya duba waye yake turo odiyon nan mai minti goma sha wanda ba a san ma wanda ya yi shi ba. Ba ɗan lise ba ne, wato ɗan makarantar sakandare. Kawu ne, Baffa ne, Alhaji ne mai shago a babbar kasuwa, wani lokacin ma mutum ne da ya gama jami'ar Ngaundere yana aikin gwamnati, wanda in ka gan shi ranar Juma'a da babbar riga sai ka rusuna ka gaishe shi.

Abin da ke ci min rai kenan. Mutumin da a zaure ba zai taɓa yanke hukunci tsakanin mutum biyu ba sai ya ji ta bakin kowa, mutumin da in za a aurar da ƴarsa sai ya yi wata guda yana bincike a kan yaron, shi ne da ya riƙe waya ko minti ɗaya ba ya iya jira. Ya ga hoto, ya ga an rubuta innalillahi a sama, shikenan ya tura guruf biyar. Ina hankalin nan nasa na zaure ya tafi?

Mu nan arewacin Kamaru kuma abinmu ya fi na wasu rikicewa saboda labari yana shigo mana ta ƙofa huɗu. Akwai shafukan Hausa na Najeriya da muke bi dare da rana, akwai abin da ke zuwa daga Yawunde da Duwala da Faransanci, akwai na Fulatanci, ga kuma na Larabcin Shuwa daga wajen Kusiri da Njamena. Sai wani ya ɗauko takarda da Faransanci mai hatimi a ƙasa, wadda ba a san ko daga ofis ta fito ko wani ne ya haɗa ta a wayarsa ba, ya karanta rabi ya fahimci kwata, ya danna odiyo ya fassara da Hausa ya ƙara gishirinsa, wani ya ji ya mayar da ita Fulatanci shi ma ya ƙara nasa, kafin la'asar maganar ta zama wata aba daban kuma tsofaffinmu da ba sa karatun boko ita za su riƙe don muryar mutum suka ji da kunnensu. Haka kuma bidiyon abin da ya faru a Zamfara ko Borno shekaru da suka wuce, sai a canja masa suna a ce Mora ne ko Kolofata jiya da dare, uwa tana Garwa ɗanta yana can hankalinta ya tashi, tana ta kira rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga, ta kwana tana kuka a kan abin da bai faru ba. Wanda ya tura kuwa yana ta barcinsa.

Kuma mun san ƙasar da muke zaune a kanta. Ba mu manta 2021 ba, rikicin Logone-Birni tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, wanda asalinsa ruwa ne, ruwa ya yi ƙaranci kowa yana neman inda zai shayar da dabba ko ya kama kifi. A watan Disamba wutar ta kai har cikin Kusiri, an kashe mutane, an ƙona ƙauyuka sama da ɗari, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi, mafi yawansu mata da yara. Ban ce waya ce ta haddasa shi ba, kar wani ya juya min magana. Abin da nake cewa shi ne a irin waɗannan kwanaki duk kalmar da ka rubuta a kan wata ƙabila ba wasa ba ce, akwai wanda zai karanta ta da adda a gefensa. Amma a lokacin na ga manya, masu gemu da furfura, suna rubuta ƙabila kaza dama haka suke, alhali suna zaune lafiya nesa da wurin da ɗaruruwan kilomita.

Wasu za su ce toh mafita a rufe abin kawai kowa ya huta. Ni ban yarda ba ko kaɗan. An gwada ai. Chadi ta toshe Facebook da WhatsApp da sauransu daga Maris 2018 har Yulin 2019, sama da shekara guda, mutane suka koma VPN, manhajar da ake tsallake toshewar da ita, suna ƙona kiredi ninki biyu, masu ƙananan sana'a da ke tallata kaya a waya su suka sha wahala, jita-jita kuwa ba ta mutu ba. A nan Kamaru ma an yanke intanet a yankunan masu Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilun 2017, wata uku cur, rikicin da ake yi a yankunan bai lafa ba sai ma abin da ya ƙaru. Rufe baki ba ya sa mutum hankali.

Kuma ba duk abin da ke yawo a waya ne ƙarya ba, wannan ma dole a faɗa. Ku tuna bidiyon nan da ya fito a 2018, sojojin Kamaru suna tafiya da mata biyu da ƙananan yara biyu suka harbe su. Da farko hukuma ta ce ƙarya ce, wasu ma suka ce a Mali ne. Su waye suka tabbatar da gaskiya? Ba masu ihu a kwament ba ne. Mutane ne suka zauna, cikinsu har da ƴan jaridar BBC, suka dubi siffar duwatsun da ke bayan bidiyon suka gwada da taswira har suka gano kusa da Zelevet ne a Mayo-Tsanaga, suka dubi inuwar mutanen a ƙasa da gine-ginen wurin suka gano a 2015 aka yi abin. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma goma. Kun ga waya ɗaya ce, intanet ɗaya ne, amma wani ya yi amfani da shi ya fito da haƙƙin matan da ba su da kowa, saboda ya yi haƙuri ya bincika. Ni a wurina wannan shi ne hankali, ba yin shiru ba kuma ba saurin magana ba.

Sannan mu fahimci yadda abin yake aiki, don da yawa ba su sani ba. Facebook da TikTok ba ruwansu da ko maganarka gaskiya ce, abin da suke ƙirgawa shi ne mutum nawa suka tsaya a kai, nawa suka yi kwament, nawa suka tura. Kuma ba abin da ke jawo kwament kamar ɓacin rai. Shi ya sa in wani ya rubuta bayani mai amfani a kan farashin auduga ko yadda za a yi wa yaro takardar haihuwa sai ka ga mutum bakwai sun danna, amma ya zagi wani malami ko wata ƙabila ko ya sa hoton wata yarinya ya ce ku faɗi ra'ayinku, kafin magariba kwament ɗari biyar. Kai da ka shiga don ka rama zagin, kai ma ka taya shi ne, ka ƙara tura maganarsa gaba, da kuɗin forfe ɗinka, wato data, na Orange ko MTN da ka saya da guminka. Masu layif a TikTok ɗin nan da ke zagin juna har asuba sun san me suke yi, kyauta ake tura musu tana zama kuɗi, ku kuma kuna can kun rabu gida biyu kuna gaba da juna a kansu.

Zancen malamai kuwa sai dai addu'a. Yaro ko babba, bai sauke ko Ahalari ba, amma ya yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu ya kafirta mutum. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa a unguwa ɗaya suke, makabarta ɗaya suke kai gawa, a kasuwa suna ba juna bashi, amma a kwament kamar ba za su haɗu gobe da safe ba. Alhali duk mun san aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta umarce mu da bincike in an zo mana da labari, mun san hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ana karanta mana su a masallaci muna gyaɗa kai, mu fito ko takalmi ba mu gama sawa ba mun danna tura.

Wanda tsoron Allah bai hana shi ba toh ya san akwai doka. Tun 2010 Kamaru tana da dokar laifukan intanet, yaɗa labarin da ba za ka iya tabbatar da shi ba yana iya kai ka gidan yari daga wata 6 zuwa shekara 2 ga tara ta miliyoyin sefa, kuma a Disambar 2019 an ƙara hukunci a kan cin mutuncin ƙabila. Na san ana iya amfani da irin waɗannan dokoki a danne masu faɗin gaskiya, wannan damuwa ce ta gaske kuma ina da ita, amma ranar da jandarma ya zo ƙofar gida cewa ni ma turo min aka yi ba za ta fisshe ka ba.

Abin ba wuya gare shi ba fa. WhatsApp da kansa yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa, in ka gan ta ka dakata. Hoto kuma ana iya sa shi a Google a ga ko tsoho ne, yaran nan da muke zagi su suka iya wannan, ka miƙa wa ɗanka ya duba maka ba faɗuwar girma ba ce. In an ce abu ya faru a Yagwa, waye a cikinmu ba shi da ko mutum ɗaya a Yagwa da zai kira?

Ku kuma admin na guruf ɗin dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai, da ku nake. Na san da nauyi ka goge saƙon Baffanka, a al'adarmu yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane, ni ma ban ce a yi haka ba. A bi shi ta gefe, a kira shi a gaishe shi, a ce Baffa wannan odiyon daga ina ya fito, akwai wanda ya gani da idonsa? In ya ce shi ma turo masa aka yi, a roƙe shi ya goge da hannunsa, in ya ƙi ku goge.