Har yaushe sharhin waƙa zai tsaya a yabo ko zagi?

Jama'a abin nan ya daɗe yana cina wallahi. Ranar Alhamis da na je kasuwar Maigatari na tsaya gun mai turi a sa min waƙoƙi a memori, sai yaron ya ce yaya bari in haɗa maka da kiɗan buzaye, na ce zuba. Da daddare ina kwance kan tabarma a ƙofar gida na sa iyafis, jitar nan ta shiga kaina har sauro ya gama da ƙafata ban sani ba. Mdou Moctar ne, ɗan Nijar.

Washegari na hau neman labarinsa, kuma duk abin da na samu da ya ƙoshi Turawa ne suka rubuta. A gurinsu na ji cewa bahago ne, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa da wayar burkin keke, kuma a Sakkwato aka ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut kafin kamfanin Matador na Amurka ya ɗauke shi, su suka fitar masa da wani kundi a 2021. Sakkwato fa, nan gida!

Matador ɗin nan ya yi suna ne a abin da Turawa ke kira indi rok, wato kiɗan jita da ganga na waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni. To can akwai masu zama su saurari kundi tun daga farko har ƙarshe su yi rubutu a kai, kamar shafin intanet na Pitchfork da ke ba da maki daga 0 zuwa 10, su ce ga inda mai ganga ya yi gaggawa, ga baitin da bai zauna ba, ga wanda ya gaji salon wani. Ni makin nan bai wani dame ni ba, bayanin nake so.

Mu kuwa yaro zai sai da buhun riɗinsa ya hau mota zuwa Kano ya biya sitidiyo, ya dawo da waƙa ɗaya tilo ba ubangida ba kowa, shi ma ai indi ne ko bai san sunan ba. Ya saka a Facebook me zai samu? "Allah ya ƙara basira" guda hamsin, sai mutum biyu su ce ya je ya nemi sana'a. Ba mai ce masa amshin ya yi tsawo, ko kiɗan piyano ya danne muryar, ko ƙafiyar ta karye a baiti na uku.

Kuma ba kunne muka rasa ba. Ku zauna majalisar dattawa a sa kalangu a rediyo, Baba zai ɗaga hannu ya ce dakata, nan makaɗin ya saki zare, kuma in ka sake ji haka ne.

Ni dai na fara. Wani ƙanena a unguwarmu ya ba ni waƙarsa jiya, na ji ta sau shida, na cika shafi biyu na littafin makaranta, anjima bayan la'asar zan kai masa.