Ciyawar roba a gidajen Legas: kore a sama, taɓo a ƙasa

Duk wanda ya zagaya sababbin rukunin gidaje na Lekki da Ajah a 'yan shekarun nan zai lura cewa farfajiyar gidaje da yawa ta yi kore shar, rani da damina, babu tsinke ɗaya da ya ɗara ɗan'uwansa tsawo. Ciyawar roba ce, wadda ake sayarwa a naɗe kamar kafet, a auna da mita, a shimfiɗa cikin yini ɗaya ko biyu. Masu tallarta suna cewa ba ta shan ruwa, ba ta buƙatar yanka, kuma ta raba maigida da biyan mai lambu. Ba su yi ƙarya ba, amma a ganina, a garin bakin teku irin Legas, maganin cutar da ba ta addabi garin ba ake sayar wa mutane, kuma yadda akasari ake shimfiɗa ta yana ƙara rura ainihin cutar.

Wannan ciyawa ta yi suna ne a 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a filin wasa na Astrodome da ke birnin Houston na Amurka, bayan ciyawar gaske ta mutu saboda an shafe rufin filin da fenti har rana ta daina shiga. Daga baya ta shiga gidaje a yankuna masu fama da fari irin Kalifoniya, inda ban ruwan ciyawa ke cin kuɗi. Legas kuwa tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ta saba samu, kuma ciyawa a nan ko ba a shuka ta ba sai ta fito. Abin da ke hana mazauna Lekki barci shi ne inda ruwan zai bi, kamar yadda ambaliyar Yulin 2017 da ta Yulin 2024 suka nuna, domin yankin kwari ne mai rairayi, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana kusa.

A daminar bara na je gidan wani ɗan'uwana a Ajah, na tarar da shi tsugune a gefen katanga yana ɗaga bakin ciyawar da aka shimfiɗa masa shekara biyu da suka wuce. Mai aikin ya manna ta ne da gam kai tsaye a kan daɓen siminti, ba tare da ya yi wa daɓen gangara ba. Da ya yaye ta, sai ga baƙin taɓo mai santsi, da gansakuka, da wani wari wanda ya haɗu da zarnin fitsarin karen maigadi. 'Yan ramukan da aka huda a bayan ciyawar don ruwa ya wuce duk sun toshe da laka, ko da ba su toshe ba ma, ina ruwan zai je alhali siminti ne a ƙasa? Daga sama kuwa, ba ka ganin komai sai kore.

Aikin da aka yi bisa ƙa'ida ba haka yake ba. Sai an haƙe ƙasa kimanin santimita 10, an zuba tsakuwa an daddale ta, an bi da yashi ko garin dutse, an karkata shimfiɗar zuwa magudanar ruwa, sannan a ɗora ciyawar a watsa mata busasshen yashi don tsinkayenta su tsaya. Wannan aikin da ido ba ya gani shi ne mai cin kuɗi, shi ne kuma wanda ake tsallakewa idan maigida ya matsa a yi masa ragi, sai daga baya ya gane cewa araha ba ta ado. Ko an yi shi daidai, batun cewa ba ta buƙatar kulawa bai tsaya ba a wuri mai laima, domin dole a riƙa share ganyaye kafin su ruɓe, a goge gansakuka a inda inuwa ta fi yawa, a wanke inda dabba ta ɓata.

Sai kuma zafi. Ciyawar gaske tana fitar da danshi ta ganyenta, shi ya sa take da sanyi a tafin ƙafa. Ta roba kuwa kan iya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyas idan rana ta take, ta yadda yaron da aka shimfiɗa ta dominsa ba zai iya taka ta da tsakar ranar watan Maris ba takalmi ba. Maganin da masu sayarwa ke bayarwa shi ne a yayyafa mata ruwa da tiyo, wato dai an koma ban ruwan da aka ce an rabu da shi.

Bayan kimanin shekara goma, rana da sawu sun cinye ta, kuma da yake roba ce iri-iri aka haɗe da gam da yashi, sake sarrafa ta yana da wuya, bola take ƙarewa. Kafin nan ma ɓurɓushinta yana bin kwata zuwa tafkin Legas, daga can zuwa teku. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda za ta hana sayar da garin robar da ake barbaɗa wa filayen wasa masu irin wannan ciyawa daga 2031. Gwamnatin Legas da kanta ta haramta robar zuba abinci ta sitairofom a Janairun 2024 saboda tana toshe magudanai, don haka bai kamata ta kau da kai daga robar da ake lulluɓe gidaje da ita ba.

Ba ina kira a haramta ta ba ne. A baranda, ko saman bene, ko wani lungu da rana ba ta kaiwa, tana da amfaninta. Amma a farfajiyar da ke da ƙasa, kirikiri ko wadda masu lambu ke kira ciyawar Fatakwal suna yin kyau da ruwan Allah kawai, kuma saiwarsu tana buɗe wa ruwa hanyar nutsewa. Ƙungiyoyin mazauna rukunin gidaje, waɗanda tuni suke da ta cewa a kan launin fenti da tsayin katanga, suna iya shar'anta cewa a bar wani kaso na kowace farfajiya a buɗe, kuma duk mai son ciyawar roba ya nuna inda ruwansa zai bi kafin a ba shi izini.