Ƴan uwana matasa, haƙori yana da rai

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki haƙori a matsayin busasshen ƙashi, shi ya sa muke buɗe kwalbar lemo da shi, muna fasa ƙanƙara da turamenmu ba tare da fargaba ba. Alhali a ƙarƙashin farin ɓawon nan, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, akwai ɓargo mai laushi cike da jijiyoyin jini da na jin zafi, kuma shi ne yake ciyar da haƙorin ta ƴar ƙaramar kafa da ke ƙarshen saiwarsa.

Ɓargon nan a kulle yake cikin bango mai tauri. Idan ƙwayoyin cuta da ke rayuwa a kan ragowar sukari suka huda kogo har suka iso shi, sai ya kumbura, kuma tun da ba shi da wurin faɗaɗa, sai ya riƙa zogin da ke hana barci, musamman idan mutum ya kwanta. A nan ne mutane suke cusa kanumfari, wanda lafar da zafi kawai yake yi na ɗan lokaci, wasu ma har ruwan batir suke ɗigawa, abin da ke ƙona dasashi. Ina roƙonku ku riƙe wannan: ɗaukewar ciwon farat ɗaya ba waraka ba ce, sau da yawa ɓargon ne ya mutu, mugunya kuma tana taruwa a gindin saiwa, tana iya kumbura fuska har ta gangara wuya ta toshe numfashi. Da an je wurin likitan haƙori da wuri, ciko kaɗai ya isa.

Sai kuma abin da ke riƙe da haƙorin. Tsakanin saiwa da ƙashin muƙamuƙi akwai siraran zaruruwa da faɗinsu bai kai rabin milimita ba, su ne ke shanye nauyin tauna, dasashi kuma yana rufe su. Dasashin da ke zubar da jini lokacin asuwaki yana sanar da kumburi ne, kuma idan aka ƙyale shi ƙashin zai riƙa zaizayewa a hankali, babu zafi, har lafiyayyen haƙori ya soma girgiɗi. Shan taba da ciwon suga suna hanzarta wannan ɓarna, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Haƙora 32 aka ba baligi bayan na ƙuruciya, babu na uku bayansu. Ku goge su safe da dare da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, ku bi gefen dasashi a hankali, kuma kada ganin jini ya sa ku daina.