Yadda Littafina Ya Faɗa Hannun Alhaji

Duk abin ya faro ne daga tarihin wani Bature ɗan Ingila, Anthony Trollope. Ma'aikacin gidan waya ne, amma ya rubuta ƙagaggun labarai har 47. Kullum biyar da rabi na asuba yana kan tebur da agogo a gabansa, duk minti 15 sai ya zuba kalma 250, sannan ya wuce aiki. Har fam biyar yake ƙara wa wani tsohon baransa a shekara don ya riƙa tashinsa da kofi. Na ce ashe ba baiwa ba ce, tsari ne. Na sayi littafi mai baƙin bango, irin wanda nake rubuta wa maigidana Alhaji, mai rumfar albasa, bashi a ciki, na yi ciniki da Baba mai gadi ya riƙa tashina ƙarfe uku da rabi. Wanda yake kwana a Agege yana aiki a kasuwar Mile 12 ta Legas, biyar da rabi ai a cikin motar haya ta danfo take samunsa.

Baba ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tocila yake dallaro min ta taga, ya ƙwala, "Malam marubuci!" har matar Inyamurin da ke ƙarshen layi ta farka. Ba wuta, ga sauro, ga gyangyaɗi, haka dai na haɗa 'yan shafuka da fitilar waya.

To ranar da abin zai faru, tirelar albasa ta iso daga Aliero, rumfa ta cika maƙil. Iya, wata Bayarabiya mai sayen albasa a wurinmu, mai yawan musu, ta tsaya kai da fata wai buhu uku ake binta, ba biyar ba. Alhaji ya ce, "Akawu, miƙo littafi." Na zura hannu a jaka na miƙa. Baƙin bango ne, ban ko duba ba.

Kun san karatun bokon Alhaji. Sai ya goge tabarau da bakin riga, ya ɗora yatsa a kan layi, kuma a fili yake yi, kalma ɗaya bayan ɗaya. Na juya ina lissafa wa 'yan dako buhuna, sai na ji daga bayana: "Ya... dube... ta... ya ce... tun ranar da na gan ki... abinci ya daina... yi min daɗi."

Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Rumfa ta yi tsit. Alhaji ya ɗago ya dubi Iya, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Wannan a buhu na nawa yake?" Na kai hannu zan karɓa, ya maƙe da gwiwar hannu, ya lashi yatsa ya buɗe shafi na gaba. A nan ne sunan yarinyar littafin ya fito, kuma shi ne sunan 'yar Alhaji ta biyu. Ni daɗin sunan kawai na ji. Sau biyu ya karanta shi, na biyun a hankali.

Amma ba Alhaji ne ya ƙona min rai ba, dogon ɗan dakon nan ne mai jin Yarbanci. Ba wanda ya sa shi, ya ajiye buhu ya koma tafinta. Alhaji ya karanta layi ɗaya, shi ya juya wa Iya layi huɗu, har da dafa ƙirji da lanƙwasa murya. Ni na san ban rubuta komai a kan kuka ba, amma na gan shi yana share hawaye. Mutumin da tun azumin bara nake binsa kuɗin kati! Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta kira maƙwabtanta masu tumatir a sake musu daga farko. Maganar buhu biyu kuwa a nan ta bi ruwa, Alhaji ya ce a albashina za a cire.

Da na ba ƙanwata labari a waya, ita da take sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp, cewa ta yi, "Yaya, wane agogo? Ni da goyo a baya nake taifin. Bari mata su biya kuɗin karatu ka kwana ɗaya ba ka saki shafi ba, ka ga abin da ke sa mutum rubutu."

Littafin dai yana wurin Alhaji, wai bai gama dubawa ba. Shekaranjiya ya tambaye ni ko yaron zai aure ta, ban gane a wace fuska yake tambayar ba, na ce sai yadda ya gani. Baba kuma na ce ya daina tashina, ya ce shi cinikin wata muka yi.